Farautar bayani mai reto a Ingilishin ɗalibaina: littafin aiki

Asabar, 11 ga Oktoba 2025

Na buɗe wannan kaye, wato littafin rubutu, don in riƙa rubuta inda aikin ya kwana, saboda na san halina da mantuwa. Aikin kuwa ɗan littafi ne da ba zai wuce shafi 12 ba, a kan kuskure ɗaya tak na nahawun Ingilishi, wanda masu harshen ke kira "dangling modifier". Ɗaliban da ke zuwa zauren gidanmu a unguwar Birni ta Damagaram da yamma su 14 ne, duk ƴan tarminal, wato ajin ƙarshe na sakandare, masu shirin Bak, jarrabawar gama sakandare. Tun siziyam, ajin farko na kwalej, suke karatun Ingilishi, bana shekara ta 7 ke nan, amma ko ɗaya bai taɓa jin sunan kuskuren ba, alhali kusan dukansu suna yin sa. Bana zauren ya fi cika, don tun da kundin sake gina ƙasar Nijar na watan Maris ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki, wasu iyaye suka fara ɗaukar Ingilishi da muhimmanci.

Abin da ya tunzura ni jimla ce da wani yaro ya rubuta cikin labarin hutunsa: "Riding my motorbike to Mirriah, a goat crossed the road." Abin da yake nufi a fili yake. Yana kan babur za shi Mirya, sai akuya ta gitta. Amma abin da ya rubuta daban. A Ingilishi, idan jimla ta fara da guntun bayani irin wannan mai ƙarewa da "-ing", wanda ba a faɗi mai yin sa ba, to sunan farko da ya zo bayan waƙafi, wato aikau na jimlar, shi ake ɗora wa aikin. Sunan da ya zo bayan waƙafi a nan akuya ce. Ke nan akuya ce bisa babur, ta nufi Mirya cin kasuwar Lahadi. Shi kuwa yaron, mai tuƙin na gaskiya, ba ya cikin jimlar sam, sai ɗan "my" da ya bari a jikin babur.

Na karanta musu ita, na tambaya ko akwai matsala. Aka duba rubutun "motorbike", aka duba "crossed". Wata ta ce ai "street" ya kamata a sa. Babu wanda ya ga akuyar. To daga nan za mu fara.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Maganar suna ta ci mini kwana uku. "Dangling" reto ne ko lilo, "modifier" kuwa kalma ce ko gungun kalmomi masu ƙara bayani a kan wata. Na zauna a kan "bayani mai reto", don shi ne ya fi kusa da asali, kuma idan yaro ya ci karo da kalmar Ingilishin wata rana zai gane ta.

Yaran ba su karɓa ba. Ɗaya daga cikinsu, ɗan masu kiwo ne daga wajen Tanut, ya kira ni da "Mushe", wato Malam a bakin ƴan makarantarmu, ya ce: "Mushe, wannan ai dabba ce marar turke. An sake ta, duk turken da ta fara tararwa nan za a ɗaure ta, ko na maƙwabci ne." Kafin a tashi kowa "marar turke" yake cewa. Na yi niyyar in kafe, sai na ga nasa ya fi nawa faɗin yadda abin ke aiki: bayanin bai tsaya yana lilo a iska ba, mai karatu yakan ɗaure shi a sunan da ya fi kusa. A bangon littafi zan bar "mai reto", a ciki kuwa turke zai yi aiki.

Asabar, 25 ga Oktoba

Yau aka samu mabuɗi, kuma daga Hausa ya fito.

Na rubuta a allo: "Walking to the market, the rain started." Na ce kowa ya mayar da ita Hausa. Nan take aka ce: "Ina tafiya kasuwa sai ruwa ya sauko." Na ce to, wannan "ina" daga ina kuka samo shi? Ku nuna mini "I" a jimlar Ingilishin. Aka yi tsit. Babu shi. Su suka ƙara shi da bakinsu, domin Hausa ba ta yarda ka ce "tafiya kasuwa" kurum a irin wannan wuri. Dole ka zaɓa: ina, kana, kina, yana, tana, muna, kuna, suna. Kowane ɗaya yana ɗauke da mai yin aikin a cikinsa. Bahaushe idan ya ce "ina yaro babana ya kai ni Kano", babu wanda zai ɗauka baban ne yaron, don "ina" ta riga ta raba gardama. Amma da ɗalibi ya juya ta ya rubuta "At the age of six, my father took me to Kano", sai ga uba ɗan shekara 6 riƙe da hannun ɗansa a tashar mota.

Ina ganin nan tushen ciwon yake ga yaranmu. A kansa jimlar cikakka ce, da mai ita da komi. Wajen tsallakawa zuwa Ingilishi ne "ina tafiya" ke komawa "walking", mutumin ya faɗi a hanya ba a lura ba. Shi marubucin ba zai taɓa ganin giɓin ba, tun da duk lokacin da ya sake karantawa, kansa na cike masa shi.

Sai na juya abin ya zama gwaji mai mataki uku. Ka nemi waƙafi, wanda su suke kira birgil. Ka ɗauki sunan farko da ke bayansa. Ka mayar da shi gaban bayanin da Hausa, ka faɗa da ƙarfi. "Ruwa yana tafiya kasuwa." "Akuya tana tuƙa babur ɗina." In zaure ya fashe da dariya, an kama marar turke. In ba a yi dariya ba, kamar a "Walking to the market, I met my uncle", inda za ka ce "ina tafiya kasuwa" lafiya lau, to jimlar ƙalau take.

Mun yi jimla 10 ta wannan hanya. Har ladan ya kira magariba ba su so tashi ba, abin da ban taɓa gani ba a darasin nahawu.

Laraba, 29 ga Oktoba

Wuta ta ɗauke tun la'asar, ba a yi darasi ba. Da fitilar waya na tsefe tsofaffin takardun dubuwar, wato gwajin aji, na bara, na tsinto jimla 23. Na kasa su kashi-kashi bisa ga yadda suke farawa: masu "-ing", masu "having" da aikatau, masu "-ed" (wannan kashin bai samu ko ɗaya ba), masu "to" na manufa, masu "after", "before", "by" ko "while", sai irin na "At the age of six" da babu aikatau a cikinsu ko kaɗan. Masu "after" sun fi kowa yawa, nesa ba kusa ba.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Gwajin da nake ta taƙama da shi ya ba ni kunya yau, kuma a kashin da ya fi yawa.

Jimlar ita ce: "After praying, the food was served." Na jira dariya. Wata yarinya, wadda ta fi kowa natsuwa a zauren, ta ce: "Mushe, ai daidai ne. Bayan salla aka kawo abinci. Me ya yi zafi?" Gaskiyarta. Hausar da ta yi babu aibi a cikinta. Ni ne na yi gaggawar cewa Hausa kullum tana tilasta a faɗi mai aiki. Ba kullum ba. Muna cewa "bayan salla", "kafin tafiya", "garin gudu takalmi ya tsinke", ba mu damu da faɗin wanda ya yi sallar ko gudun ba, kuma ba mai cewa takalmi ne ya yi gudu. Uwa uba ga "an" da "aka", waɗanda aikinsu ke nan su ɓoye mutum. "Bayan an gama jarrabawa aka tattara takardu": waɗanda suka gama ɗalibai ne, waɗanda suka tattara masu gadin jarrabawa ne, Hausa ta haɗa su a lullube ɗaya ba ta ce uffan ba.

Idan yaro ya zo juya "aka" zuwa Ingilishi, abin da ke hannunsa shi ne jimlar da ake sa karɓau, wato abin da aikin ya faɗa wa, a gaba, irin "the papers were collected". Sai ya rubuta "After finishing the exam, the papers were collected." Takardu sun gama jarrabawa ke nan. Na koma kan jimloli 23 ɗin nan da dare, na ga mafi yawan masu "after" haka suke: a bayan waƙafi akwai "was" ko "were" da aka yi don maye gurbin "aka". Haka ma "To pass the exam, the lessons must be revised every night", inda darussa ne ke neman cin jarrabawa.

Gyaran da na yi wa gwajin ƙarami ne. An hana fassara da suna. Ba a yarda ka ce "bayan salla" ba, sai "bayan ya yi salla", "bayan ta yi", "bayan sun yi", kuma wanda za ka sa shi ne sunan da ke bayan waƙafi. "Bayan abinci ya yi salla." Sai ga dariyar ta dawo.

Yarinyar ba ta sake ni ba. Ta ce to ita "bayan salla" take son faɗi da Ingilishi, yaya za ta yi? Tambayar ta fi darasin da na shirya. Amsar ita ce "After the prayer, the food was served", kuma wannan daidai take. "Prayer" suna ne tsantsa, bai neman mai yi. "Praying" kuwa, ko da ya zauna a mazaunin suna, jinin aikatau na jikinsa, yana waiwayen wanda ya yi shi. Haka "after dinner" da "after eating" suke. Wannan zai ci shafi guda shi kaɗai, kuma a raina nata ne shafin.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

Ranar kasuwa, rabin yaran na kasuwar Dole suna taya iyaye, na ɗaga darasi. Na leƙa gaishe da baffana a Zango, tsohon ma'aikacin ofis ne da ya yi ritaya tun ina kwalej. Ya tambayi abin da nake ciki, na ba shi labarin akuya da babur. Ya yi dariya har da tari, sannan ya ce: "Kai yaro, wannan ai tsohon ciwo ne. A Faransanci ma akwai shi, mun sha jan alƙalami a kansa."

Ya tuna mini ƙa'idar da duk muka koya muka manta: a Faransanci bayani mai farawa da "en", kamar "en allant", na aikau ɗin babbar jimla ne. Don haka "En allant au marché, la pluie a commencé" ita ma ruwa ne ke tafiya kasuwa. Sai ya kawo wadda ta fi ci masa rai, rufin wasiƙa: "Dans l'attente de votre réponse, veuillez agréer mes salutations." Ya ce: "Wa ke jiran amsa? Kai mai rubutu. Amma 'veuillez' umarni ne ga wanda ka aika wa. Ka ga ka sa darakta yana jiran amsar kansa." Daidai ita ce a ce "je vous prie d'agréer", don "je" ya fito fili ya riƙe jiran.

Na ce: "Baffa, Allah ya ƙara girma, kun ba ni shafi kyauta." Domin ita wannan jimla na sha ganinta a wasiƙun yarana da rigar Ingilishi: "Hoping to hear from you soon, please accept my greetings." A Ingilishi ma aikau ɗin umarni "you" ne a ɓoye. Da can ina jin wani abu bai zauna ba a jimlar, ban tsaya na gano mene ne ba.

Ya ƙara mini da cewa Faransanci na da nata da aka ƙyale, kamar karin maganar nan "L'appétit vient en mangeant". Marmarin abinci ba shi ke ci ba, amma tsohuwar magana ce, ba mai taɓa ta. Na rubuta a bayan hannu kafin in manta.

Ke nan ɗalibin Damagaram ta ƙofa biyu abin ke shigo masa, Hausa da Faransanci. Zan sa jimlolin harsunan uku jere da juna a shafi ɗaya, in ga ko ido zai kama abin da kunne ke wucewa.

Asabar, 22 ga Nuwamba

Hazo ya sauko, kowa da mura. Matsalar yau kuwa garin neman gira ne muka kusa rasa ido: yaran sun zama ƴan farauta fiye da kima. Duk jimlar da ta fara da "-ing" sai su zagaye ta da jan alƙalami. Na ba su jimla 12, cikinsu 5 ne kawai ke da laifi, wani ya kama 11.

Dole na ware waɗanda ba a taɓawa. "Walking is good for the heart" ba bayani ba ne, "walking" ɗin shi ne aikau da kansa, shi ya sa ba waƙafi. "The rain having stopped, we went out" ta zo da turkenta a hannu, ga "the rain" nan a cikin bayanin, daidai da "da ruwa ya ɗauke muka fita". "Weather permitting" ma haka. Sai waɗanda yawan amfani ya wanke, irin su "generally speaking", "strictly speaking", "judging by" da "considering". Idan aka ce "Judging by the clouds, it will rain", kowa ya san mai magana ne ke hukunci, kuma littattafan nahawu sun yarda da su. A nan karin maganar Baffa ta yi mini rana, don da na kawo ta suka gane cewa kowane harshe na da ƴan gatansa.

Akwai kuma ɗan'uwan marar turke da suke rikita su. "I bought a goat from a trader with long horns." Wannan an yi dariya tun kafin in gama rubutawa. Amma ciwonta daban: mai ƙahon, wato akuya, tana cikin jimlar, an dai ajiye bayanin nesa da ita ne. Sunansa a Ingilishi "misplaced modifier", maganinsa matsarwa kawai: "I bought a goat with long horns from a trader." Marar turke na gaske ba ya jin matsarwa. Ka kai "riding my motorbike" ƙarshen jimla, akuya ce dai a kan babur, don mai tuƙin bai shigo ba har yanzu.

Wadda ta kayar da kowa, har da gwanayen: "Having finished the exam, my brother's bicycle had disappeared." Suka ce ai ga "my brother" nan bayan birgil. A'a. Ɗan "'s" ɗin nan ya mai da shi mai keke kawai, keken ne aikau. Da Hausa ma "keken wana" keke ne, ba wa ba.

Talata, 2 ga Disamba

Na nuna wa wani abokin aiki daftarin. Ya girme ni a koyarwa, ya kuma zauna Kano shekaru. Ya karanta ya ce: "Malam, ka ɓata wata biyu a kan abin da su kansu Turawan Ingila da Amurka ke yi kullum a rediyo. Yaranka ba su gama da 'since' da 'for' ba, kai kana bin akuya."

Ban musa rabin maganarsa ba. Masu harshen suna yi, a baki kuma yawanci ba a ko lura, don murya da halin da ake ciki na cike giɓin. Kuma ba na cewa wannan ne babban abin da ke kayar da yaro a Bak. Inda muka rabu shi ne ribar. Abin da yaran nan suka koya a wata biyu shi ne su tsaya a kowace jimla su tambaya wa ya yi. Na ga alamarsa a wani wuri da ban zata ba: a karatun dogon nassi, yanzu idan suka tarar da jimla mai layi uku sai su nemi waƙafi, su nemi aikau, maimakon su fara fassara kalma-kalma daga hagu har su ɓace. Ya ce in jira sakamakon jarrabawar gwaji kafin in yi kuri. Na ce na yarda. Ya kuma kama mini kuskure biyu a Ingilishina, ɗaya ma a gabatarwa: na rubuta "As a teacher, this mistake worries me." Kuskure ne ya zama malami. Na bar ta a littafin, da sunan "jimlar Mushe".

Asabar, 13 ga Disamba

Shafin gyara ya kammala. Hanya uku na tsayar. Ko ka canza abin da ke bayan waƙafi, mai aikin ya zo gaba: "Riding my motorbike to Mirriah, I saw a goat cross the road." Ko ka buɗe bayanin ya zama cikakkiyar ganga, wato sashen jimla, mai nata aikau: "While I was riding my motorbike to Mirriah, a goat crossed the road." Ko kuwa, inda ya yiwu, ka sa suna tsantsa kamar "after the prayer". Yaran sun fi son ta biyu, kuma na gane dalili: ita ce ta yi daidai da "ina kan babur" da ke cikin kansu tun farko. Na ce su riƙe ta a jarrabawa, ta farko kuwa a bar ta sai hannu ya faɗa.

Littafin ya kai shafi 15, ya zarce abin da na tsara. Mai fotokopi na kusa da tasha ya ce dala biyar shafi, zai rage in na yi kwafi 20. Kafin nan akwai saura biyu. Kashin masu "-ed" misali ɗaya kawai gare ni, "Tired after the journey, the bed looked wonderful", kuma ni na ƙirƙira ta, ina son ta ɗalibi ta gaske. Sannan ban yanke ba ko in sa amsoshin atisaye a shafin ƙarshe ko in riƙe su a wurina, don na san wanda zai fara karatun daga baya. Na ba su labari mai taken tafiya ƙauye su rubuto a hutun ƙarshen Disamba, shafi ɗaya kowa, ban gaya musu abin da zan nema a ciki ba.